Ranar da Baba Ya Je Jin Mutuminsa

Babanmu ba ya magana, sanarwa yake yi. In ya tambayi Mama inda ta ajiye masa hula, maƙwabta na dama da na hagu duk sun ji tambayar, wata rana har wata ta leƙo ta katanga ta ce ta ga kamar ya bar ta a kan babur. Mun tashi a gidan da ba a ɓoye komai, ba don mun fi kowa gaskiya ba, sai don mai gidan ba shi da ƙaramar murya. Ni ce auta, kuma ni na fi kowa jin haushin abin, wataƙila don ni kaɗai na ɗauko zuciyarsa.

Sana'arsa yankan katako. Tun yana saurayi ya shiga wata rumfa mai rufin kwano a bayan kasuwa, inda ake tsaga gungume a fitar da falanki, kuma har yau can yake, sai dai yanzu shi ne babba. Duk unguwa Mai Zarto ake ce masa. In aka tayar da injin da yake tsayawa a kai, har cikin haƙoranka kake jin ƙarar. An sha kawo musu abin toshe kunne, yana turewa. Ya ce shi da kunne yake gane zarto ya dushe ko ya ci karo da ƙusa, kuma duk wanda ya toshe kunnensa a gaban inji to ya shirya rabuwa da yatsa. Yatsunsa kam suna nan duka, yakan ware su a gaban mutane yana alfahari. Kunnuwan ne ba wanda ya kula da su, har shi.

A rumfar ba a magana da baki in inji na aiki. Suna da alamunsu na hannu: ɗaga, sauke, juya, tsaya, akwai ƙusa, shayi ya zo. Mutum biyu sai su yi hira mai tsawo daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da sun buɗe baki ba. Amma akwai doka guda da ake koya wa kowane sabon shiga tun kafin a ba shi tsintsiya: in ka yi wa mutum alama bai gani ba, kada ka jira, buɗe maƙogwaro iya ƙarfinka, don wataƙila hannunsa ne a kan hanya. Wanda ya fi kowa riƙe wannan doka shi ne Kawu Dogo. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, abokin aikin Baba ne tun suna samari, shi ke karɓar falanki a ɗaya gefen injin. Kunnensa ya ɗan fi na Baba, amma ba fin da za a yi fariya da shi ba.

Sai kuma Mutumina. Wannan wani mawaƙi ne mai tsara waƙoƙinsa da kansa yana kaɗa jita. Baba bai taɓa ganinsa ba ko daga nesa, amma tun ina ƙarama ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba sai Mutumina, kamar tare suka yi wasan ƙasa. Akwai rediyo mai cin kaset rataye a ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar, garin katako ya rufe ta har ba a gane launinta. Da kaset ya ƙare a duniya sai Yaya ya sayo masa mai cin memori, aka rataye ta a ƙusar. Daga safe zuwa yamma Mutumina ke waƙa a ciki, an ƙure murya, inji na tsaga waƙar gida biyu duk lokacin da gungume ya shiga. Baba ya haddace waƙoƙin kaf, amma akwai wuraren da ya cike da nasa kalmomin, saboda nan ne zarto ya saba cinyewa.

Abu ɗaya yake ƙorafi a kai, kuma ya yi shekaru yana yi. A duk kaset ɗin akwai ganguna da ƙaho da 'yan amshi, shi kuma ya ce sun danne masa mutumi. Yakan ce da za a kori duk masu hayaniyar nan a bar bawan Allah shi kaɗai da jitarsa, da an ji waƙa. Mama takan dube shi ta ce lallai, yau Mai Zarto ne ke ƙarar masu hayaniya. Ba ya jin ta, sai ya ce mata ai kuwa gaskiyarki.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Mun gane ne da ya koma zama a karkace, yana miƙo gefen dama ga duk mai magana, har baƙi su ɗauka juya musu baya yake yi. Shi dai bai taɓa yarda ba. Mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Rediyoyin yanzu ne ba su da ƙarfi. Wayarsa ya yi ta kai ta gyara har mai gyaran ya roƙe ni in daina barinsa yana kawowa, don lafiyarta ƙalau. Ina aiki a kantin magani, na san abin da nake gani, sai na tasa shi gaba da rigima har asibiti. Likitan ya sa masa wani abu a kai, ya yi ta danna maɓalli yana jiran Baba ya ɗaga hannu, Baba na zaune yana kallon bango. Daga baya likitan ya gaya min a gabansa cewa na hagu ya riga ya mutu, na dama ma ya kama hanya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce a saka masa na'urar ji, ya kuma rabu da inji. Da muka fito Baba ya sanar da duk masu jiran layi cewa wannan yaron da ake ce wa likita magana yake kamar wanda ake bi bashin numfashi, ta yaya mutum zai ji shi. Na'ura kuwa ya ce in saya wa mai buƙata. Washegari ya koma rumfa.

Ban yi masa magana ba na kwanaki, abin da bai ma lura da shi ba.

Ana cikin haka na ga fosta an manna a gefen ƙofar kantinmu. Mutumina zai zo garinmu, zai yi wasa ranar Asabar da yamma a wani ƙaramin zaure, shi kaɗai da jitarsa, ba makaɗa ba 'yan amshi. Hoton ya nuna tsoho mai furfura, kuma an ce ya daina yawan tafiye-tafiye. Na tsaya ina kallon fostar ina haɗa abu biyu a raina: mawaƙin da ba lallai ya sake zuwa ba, da kunnen da ba lallai ya jira shi ba. Abin da Baba ya yi shekaru yana fata ke nan, ya zo a lokacin da saura kaɗan ya rasa abin da zai ji shi da shi.

Ban yi wasa da shiri ba. Na je zauren da kaina, na matsa wa mai sayar da tikiti har ya nuna min inda ake kafa lasifika. Na zaɓi layin gaba, can gefen dama, yadda lasifikar za ta fuskanci kunnen Baba mai rai. Na karɓi kujera uku, tawa da tasa da ta Mama. Da na gaya masa, sai da na maimaita, sannan ya dube ni ya tambaya ko shi kaɗai ɗin da gaske, ba ganga. Na ce ba ganga. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito ba tare da ya ɗauko komai ba, ya sake komawa.

Mama ce ta ce ba za ta ba. Ta ce ita ta sha zuwa ta'aziyya da shi, ta san abin da kunnenta ya jiye mata, ba za ta je a haɗa ta da kunya a gaban mutanen da ba ta sani ba. Kafin in yi wani tunani ta riga ta miƙa tikitinta ga Kawu Dogo. Na je rumfar da kaina lokacin hutun rana, na zaunar da dattawan nan biyu a kan falanki kamar 'yan makaranta. Na yi musu bayani cewa wannan ba irin wasan fili ba ne, shiru ake yi, ko tari sai mutum ya riƙe. In magana ta kama dole, ga hannuwansu nan, su yi irin ta wurin aiki. Kawu Dogo ya ji haushi, ya ce shi da ya yi shekaru yana hira da babana ba da baki ba, ni ce zan koya masa shiru. Baba ya yi min alamar an gama, an ɗaure. Na tafi hankalina kwance, ina ganin na yi dabara.

Ranar Asabar bai je rumfa ba, abin da ban taɓa gani ba sai ranar da Yaya ya yi aure. Ya je aski, ya zauna Mama ta cire masa garin katako daga gira da bayan kunne tana yi masa tsiya cewa in dai budurwa ce zai gani ya faɗa mata tun yanzu. Mun isa ana buɗe ƙofa. Zauren ƙarami ne, kujeru masu laushi, sanyin na'ura na bugawa. A kan dandamali babu komai sai doguwar kujerar katako marar majingina, da makirfo biyu, da kwalbar ruwa a ƙasa. Na zauna a damansa don in iya yi masa magana in ta kama, Kawu Dogo ya zauna a hagu. Tun kafin a fara suka shiga hirarsu ta hannu a kan rufin zauren da irin katakon da aka yi dandamalin, shiru kamar ba su ba. Har na fara jin na zalunci Mama da ban matsa mata ta zo ba.

Wani mutum ya fito ya ce za a naɗi wasan don a fitar da shi, saboda haka a kashe wayoyi, kuma a taimaka da shiru. Sannan aka kashe fitilu. Wannan ne abin da ban lissafa ba. Zauren ya yi duhu ɗif, haske ɗaya tak aka bari a kan kujerar dandamali. Na dubi gefena, ko hannun Baba ba na gani sosai, balle shi ya ga na Kawu Dogo.

Mutumina ya fito a hankali, ya fi hotonsa tsufa, jita a hannu, riga fara marar ado. Aka yi tafi, ya zauna, ya ɗan gyara tsirkiyoyi, ya fara ba tare da ya ce komai ba. Ni ba masoyiyarsa ba ce, in faɗi gaskiya. Waƙoƙinsa a wurina ƙarar rumfa ce da warin katako da kai wa Baba abinci cikin rana. Amma da muryar nan ta fito ita kaɗai, ta ɗan dushe, tana jan kalma kamar ba ta son sakinta, sai na gane ashe ban taɓa jin mutumin ba. Na juya ga Baba. Ya karkata gaba ɗaya, kafaɗarsa ta dama ta fuskanci lasifika, bakinsa a ɗan buɗe, hasken dandamali na taɓa gefen fuskarsa. Sai ya damƙi hannuna ya sunkuyo zai yi min raɗa.

"Auta, ina jin sa. Wallahi ina jin sa."

A ganinsa raɗa ya yi. A zauren kuwa har layin ƙarshe an ji, kuma na tabbata makirfon ma ya ɗauka. Wani ya yi 'yar dariya, wata a bayanmu ta yi tsaki. Na matse masa hannu da ƙarfi, ya gyaɗa kai alamar ya tuna. Raina ya kasu biyu, rabi na son in nutse cikin kujera, rabi na son in miƙe in gaya wa mai tsakin cewa ba ta san abin da ta ji ba. Mutumina bai tsaya ba. Waƙar ta ƙare, aka yi tafi, Baba na tafawa da tafukan nan nasa masu kama da falanki. Na ce a raina in dai iya nan ne, mun tsira.

Ya shiga waƙa ta biyu, mai sanyi fiye da ta farko. Ashe tun fitowarsa Kawu Dogo ba waƙa yake saurare ba, kujerar da mawaƙin ke zaune a kai yake kallo. Ƙafarta ɗaya na ɗan rawa duk lokacin da tsohon ya buga ƙafa. Na ga inuwar hannun Kawu na motsi a gaban Baba, yana yi masa alama, yana sake yi. Baba bai gani ba, idonsa na kan dandamali, kuma Kawu na ɓangaren kunnen da ya mutu. Na miƙa hannu ta bayan Baba zan kama rigar Kawu, ban kai ba. Alama ta ƙi, saura doka.

"Mai Zarto! Ƙafar kujerar nan ta saki, za ta kayar da shi!"

Baba ya juyo a firgice kamar a rumfa, ya amsa da irin muryar Kawu, ya ce wace ƙafa. Kawu ya ce ta baya, ta hagu. Baba ya leƙa ya ce ba saki ta yi ba, gajarta gare ta, wanda ya yanka ta ne bai auna ba. Duk wannan a tsakiyar waƙa, a layin gaba. Jita ta tsaya. Mutumina ya kare haske da hannu ya dubo wajenmu, ya yi murmushi, ya ce da alama akwai kafintoci a zauren, ya gode, in ya faɗi ya san waɗanda zai nema. Mutane suka yi dariya, dariyar da da a nan ta tsaya da ta wanke mu. Amma Baba ya ga Mutuminsa na kallonsa yana motsa baki, kuma bai kama ba, don tsohon ya kauce daga makirfo. Ya juyo gare ni fuskarsa cike da murna ya tambaya me ya ce, da shi yake ko. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mai naɗar sauti ya cire abin kunnensa ya yi wa dandamali alamar a sake waƙar daga farko.

Ma'aikaciyar zauren ta zo da 'yar tocila tana haska ƙasa, ta durƙusa a gabana. Da rashin kunya ta yi min da na ji daɗi, don na san yadda zan yi da ita. Amma cikin ladabi ta ce a yi haƙuri, an yi ƙorafi, kuma ana naɗa, ko su Baba su koma kujerun baya kusa da ƙofa, ko su jira a waje. Na ce mata ba ya ji ne, shi ya sa na zaɓi nan, a baya ba abin da zai ji. Ta ce ta fahimta, Allah ya ba shi lafiya, amma sauran mutanen ma ji suka zo yi. Gaskiya ta faɗa, kuma ba abin da ke ƙona min rai irin a ci ni da gaskiya lokacin da nake da fushin da ya isa.

Ban san yadda zan gaya wa Baba ba tare da na ƙara wani laifin ba. Shi ya sauƙaƙa min. Ya ga tocilar na nuna hanya, ya waiwaya ya ga fuskokin da ke bayanmu, ya ga Mutuminsa zaune jita a cinya yana jira. Ya miƙe da kansa, ya ɗan rusuna wa dandamali, ya bi hasken tocilar. Kawu Dogo na biye yana gunaguni cewa shi ceton rai ya yi. Kafin mu kai baya wasu har sun matso sun cike kujerunmu.

Kujerun baya suna ƙarƙashin na'urar sanyi, tana ta gurnani a kanmu. Ni ina jin waƙar, ƙarama amma sarai. Baba ya zauna ya karkata kamar ɗazu, ya ƙara karkata, ya kafa tafin hannu a bayan kunne. Daga baya ya sauke hannun ya ɗora shi a kan bakinsa, kuma bai sake ɗagewa ba sai lokacin tafi. Kawu Dogo ya naɗe hannu yana fushi, can fushin ya zama barci, na koma gadin sa da gwiwar hannu kada ya ƙara mana da minshari. Kujerar dandamali kuwa ta ci gaba da 'yar rawarta har aka tashi, ko alamar faɗuwa ba ta yi ba. Wallahi akwai lokacin da na so ta karye, ko don mu samu abin faɗa.

Wasan ya yi kyau, abin da ya ƙara min haushi ke nan. Tsohon ya rage wa tsofaffin waƙoƙinsa gudu, wasu sai an kai tsakiya ake gane su. Tsakanin waƙa da waƙa yakan ba da ɗan labari da murya ƙasa-ƙasa, na gaba su yi dariya, mu na baya mu samu guntu. Wata mata a gabanmu ta yi ta share ido da gefen mayafi. Wani saurayi kusa da ita ya yi ta duba wayarsa a ɓoye, yana zaune da kunnuwa biyu lafiyayyu da bai san abin da zai yi da su ba. Na ji haushinsa, na ji na mai tsaki, na ji na Kawu, na ji na Mama da ta san haka za a yi ta zauna a gida, na ji na wanda ya ƙirƙiro kashe fitila.

Da Mutumina ya ce saura ɗaya, ya taɓa tsirkiya, tun sautin farko na gane ta. Waƙar keke ce, wadda yaro ke ba da labarin yadda mahaifinsa ke ɗora shi a kan sandar keke su tafi wurin aiki da sassafe, gemun uban na taɓa masa ƙeya. Baba yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, kuma wannan ce waƙa ɗaya da in ta zo a rumfa yake ɗaga hannu a kashe inji sai ta ƙare, ko da gungume na tsakiyar zarto. Na dubi Baba. Yana gyaɗa kai a hankali, yatsunsa na bugun gwiwa daidai da kiɗan. Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na ce ko ba komai wannan ta iso shi, ko da kaɗan ne. Aka miƙe ana tafi, shi ma ya miƙe, ya fi kowa daɗewa yana yi.

Muka fito da sauran rana. Mutane sun tsaya rukuni-rukuni a bakin titi kowa na faɗin nasa. Wani na cewa muryar ta tsufa amma ta fi daɗi, wani na cewa shi fa ba ganga ba ya gane waƙa, wata na cewa ba ta taɓa sanin kalmomin suna da nauyi haka ba. Wasu na ganinmu suna taɓa juna. Baba ya sauke numfashi, ya dawo da muryarsa ta kullum. Ya ce jitar katakonta mai kyau ne, an bar shi ya bushe kafin a yi aiki da shi. Ya ce hannun Mutumina na hagu ya fara rawa amma na dama na nan daram, kuma yana buga ƙafa daidai, tun daga baya yana gani yana bin sa. Ya yaba rigar ma. Ina jira ya ce wani abu a kan murya, bai ce ba.

Sai fuskarsa ta canza. Ya ce abu ɗaya ne ya ɓata masa rai, kuma ba maganar kujera ba ce, wannan laifinsu ne. Mutum ya taso tun daga inda ya taso, ya zauna ya yi waƙa iri-iri, amma ya tashi bai yi ta keke ba. Kawu Dogo, wanda bai daɗe da farkawa ba, ya ce ƙwarai bai yi ba, shi ma yana ta jira. Na ja hannun Baba na ce mu je mu samu mota. Ya ƙi motsi. Ya ce haka mutane suke, in suna ya yi girma sai su ji kunyar abin da ya ɗaga su. Ya ce shekara da shekaru yana kashe inji saboda waƙar nan, ashe mai ita ma bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ya ce zai koma ciki ya tambaye shi ido da ido, in kuwa ba a bar shi ba, ranar Litinin zai cire memorin nan ya ba yara. Ya juya ya nufi ƙofar zauren da gaske.

Na sha gabansa. Na so in faɗa masa a hankali, yadda ake faɗa wa uba irin wannan magana, a gefe, ba a gaban mutane ba. Na faɗa, bai ji ba. Na matso na sake faɗa, ya miƙo kunnen dama yana yamutsa fuska, ya ce in buɗe baki in yi magana kamar mai rai. Motoci na wucewa, mutanen zauren na tsaye kewaye da mu. Babu yadda za a yi da Baba a hankali, ko lallashi ne sai an ɗaga murya. Na cika ƙirji na yi irin ta rumfa.

"Ya yi ta, Baba. Ita ce ta ƙarshe."

Duk wanda ke bakin titin ya juyo. Baba bai dube su ba, ni yake kallo, bakina yake kallo. Kawu Dogo ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi fuskata ya fasa. Baba ya daɗe a tsaye, hularsa a ɗan karkace, askin safe na sheƙi a gefen kansa.

"Duka ya yi ta?" ya tambaya.

Na gyaɗa kai.

Ya kai hannu ya taɓa kunnensa na dama, ya murza shi kaɗan, ya dubi yatsun kamar zai ga wani abu a jiki. Sannan ya sake tambaya, da wata murya da sai da na matso kafin na ji.

"Ina zaune a wurin?"